Mita 11 Tsakanin Gola da Mai Bugu

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a Karu ya san shirun da ke sauka idan ƙarin lokaci ya ƙare ba a raba gardama ba. Ƙarar janareta kawai ake ji, sai wani daga bencin baya ya ce, "Yanzu kam sai sa'a." Ni ban yarda da wannan magana ba, domin tana danne haƙƙin mai tsaron gida.

Da can sa'ar ce tsantsa. A 1968, a wasan kusa da na ƙarshe na gasar nahiyar Turai, Italiya da Tarayyar Sobiyat sun tashi babu ci, sai aka jefa kwabo sama, Italiya ta wuce. Sai a 1970 hukumar dokokin ƙwallon ƙafa ta amince a riƙa raba gardama da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Shi kansa fenaritin ya girmi wannan: ya shiga doka a 1891, kuma wanda ya kawo shawarar, William McCrum na ƙasar Ailan, gola ne.

Ba ƙaramin aiki aka ɗora wa gola ba. Faɗin raga mita 7.32, tsayinta 2.44, ƙwallon kuma tana iso shi cikin kusan rabin daƙiƙa. In ya jira ya ga inda ta nufa, ya makara. Dole ya zaɓi gefe ya faɗi. A kan wannan dolen masu dabara suka gina sana'arsu. A wasan ƙarshe na gasar Turai ta 1976 a Belgrade, Antonin Panenka na Chekoslobakiya ya taho da gudu kamar zai yaga raga, Sepp Maier na Jamus ta Yamma ya yi tsalle gefe, shi kuwa ya ɗago ƙwallon a hankali ta tsakiya. Har yau da sunansa ake kiran bugun.

Irin wannan kokawar wayo ake yi a wasan hoki na kan ƙanƙara, inda ɗan wasa ke tahowa daga tsakiyar fili yana yaudarar gola. A gasar Olamfik ta 1994, Peter Forsberg na Suwidin ya janye golan Kanada gefe guda, ya tura da hannu ɗaya ta ɗaya gefen, har ƙasarsa ta buga hoton a kan kan sarki.

Amma kowace dabara lagonta ɗaya: tana buƙatar gola ya riga motsawa. A Mayun 2021 Sergio Aguero ya gwada wa Edouard Mendy na Chelsea bugun Panenka, Mendy ya cafe ta cikin ruwan sanyi. Doka ma ta yi ta gyara sikeli. Daga 1997 aka bar gola ya yi motsi a kan layinsa, a 2010 aka hana mai bugu yaudara bayan ya kammala tahowa, a 2019 kuma aka ce ƙafa ɗaya a kan layi ta wadatar.

Mu 'yan Najeriya mun sha zaƙi da ɗacin wannan bugu. Ɗacin 2000 bai bar bakinmu ba, ranar da ƙwallon Victor Ikpeba ta daki sandar sama ta tsallake layi a Legas, alƙalin wasa bai gani ba, Kamaru ta ɗauki kofin ƙasashen Afirka. Sai dai babban darasin nan Abuja aka bayar da shi. A Disambar 2004, a babban filin wasa na ƙasa, Enyimba ta kara da Etoile du Sahel ta Tunisiya a wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka. Dab da bugun fenariti, koci Okey Emordi ya fitar da Vincent Enyeama, golan ƙasa sukutum, ya sa Dele Aiyenugba. Kocin da ya ɗauki abin a matsayin caca ba zai yi wannan canji ba.  Aiyenugba ya tare bugu, Enyimba ta ci 5 da 3, ta riƙe kofinta.

Enyeama ma ya nuna nasa a gasar kofin ƙasashen Afirka ta 2010 a Angola, inda ya tare bugun ɗan Zambiya guda, ya kuma jefa nasa a raga. Sai Stanley Nwabali, ranar 7 ga Fabrairun 2024 a Bouake, a karawar Najeriya da Afirka ta Kudu. A Chippa United yake wasa a lokacin, wato mako-mako yana fuskantar 'yan wasan Afirka ta Kudu a gasar ƙasarsu, ya san ƙafarsu. Ya tare bugun Teboho Mokoena, ya tare na Evidence Makgopa, Kelechi Iheanacho ya buga na ƙarshe, Najeriya ta kai wasan ƙarshe da ci 4 da 2.