Yadda Najeriya Ta Faɗa Yaƙin Basasa

Yaƙin basasar Najeriya, wanda aka fi sani da yaƙin Biyafara, ya ɓarke a 1967, amma rikicin da ya haife shi ya faro tun farkon Jamhuriya ta Farko. Manyan jam'iyyu uku, NPC da NCNC da AG, kowacce tana da yankin da take taƙama da shi. A 1962 jagororin AG, Awolowo da Akintola, suka raba gari, aka kafa dokar ta-ɓaci a Yamma. Ƙidayar 1963 ta ba Arewa fiye da rabin jama'ar ƙasar, shugabannin Gabas suka ce ba su yarda ba. Zaɓen Yamma na Oktoban 1965 kuwa ya ƙare da ƙone gidaje da mutane da fetur.

Ranar 15 ga Janairun 1966 wasu manjoji, ciki har da Chukwuma Kaduna Nzeogwu, suka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa da Akintola, da manyan hafsoshin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Firimiyan Gabas ko ƙwarzane bai samu ba. Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓi mulki, ya tsare maharan, amma bai gurfanar da su a kotu ba. Sai kuma ya zo da Doka ta 34 a ranar 24 ga Mayu, wadda ta soke tsarin tarayya ta haɗe aikin gwamnati wuri guda. Wannan doka ita ce babban kuskurensa, domin Arewa na baya a boko, 'yan Arewa kuwa suka ga za a cike musu ofisoshi da baƙi. Tarzoma ta tashi a Kano da Zariya ana kiran a raba ƙasa.

Hafsoshin Arewa suka mayar da martani ranar 29 ga Yuli, suka kashe Ironsi a Ibadan, Yakubu Gowon ya hau mulki. A Satumba da Oktoba aka kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa, sauran suka kwashe kayansu suka cika jiragen ƙasa zuwa gida Gabas.

Sulhun Aburi a Gana, a Janairun 1967, ya wargaje saboda Gowon da Ojukwu, gwamnan soja na Gabas, kowa da fassarar da ya yi masa. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, ya cire Fatakwal da yawancin rijiyoyin mai daga hannun gwamnatin Gabas da ke Inugu. Ojukwu ya ayyana Gabas a matsayin ƙasar Biyafara ranar 30 ga Mayu, aka fara musayar wuta a Gakem ranar 6 ga Yuli.