Hauhawar Matsin Cikin Ciki

Hauhawar matsin cikin ciki yanayi ne da ke samun majiyyaci mai tsananin jinya, inda jini ko ruwa ko iska ko kumburin hanji ke cika ciki har kayan ciki su rasa sarari. A wajen babban mutum da ke kwance a sashen kulawa ta musamman, matsin kan tsaya tsakanin 5 da 7 a ma'aunin mmHg. Idan ya kai 12 ya ƙi sauka, ya hau ke nan. Idan ya wuce 20 kuma wata gaɓa ta fara gazawa, rai na cikin haɗari. Ƙungiyar likitoci ta duniya mai suna WSACS ce ta tsayar da waɗannan iyakoki a 2006, ta sabunta su a 2013.

Ƙoda ce kan fara nuna alama, fitsari ya ragu. Tantanin da ya raba ciki da ƙirji kan turu sama ya takura huhu, jinin da ke komawa zuciya ya ragu, hanji kuma ya rasa isasshen jini.

A gari irin Mubi, abubuwan da kan jawo wannan yanayi sanannu ne: hujewar hanji sakamakon taifot, murɗewar hanji, ƙuna mai faɗi, haɗarin mota, da munanan raunuka irin na harin bam ɗin da aka kai masallaci a garin ranar 21 ga Nuwamba, 2017. Ƙarin ruwan da ya wuce kima ma kan haddasa shi, ko da an yi shi don ceton rai.

Taɓa ciki da hannu ba ya isa a gane shi. Ta mafitsara ake aunawa, bisa hanyar da wani likita mai suna Kron da abokan aikinsa suka bayyana a 1984. A yau ana zuba ruwan gishiri da bai wuce mililita 25 ba ta robar fitsari, majiyyaci na kwance rigingine, a karanta matsin a ƙarshen fitar numfashi, a maimaita duk bayan awa 4 zuwa 6. Inda babu na'ura, tsayin ruwa a siririyar roba da abin awo sun wadatar. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga asibitin da ke nesa da Yola, kuma bai kamata a yi sakaci da shi ba.

Magani kan fara da zuƙe ciki ta robar hanci, rage ƙarin ruwa, kashe ciwo da tsiyaye ruwan da ya taru. In hakan bai yi ba, sai tiyata: a buɗe cikin, a rufe shi na wucin gadi da ledar ƙarin ruwa mai tsafta har kumburin ya saɓe.