Nauyin Kan Kibiya: Abin da Maharban Da Su Ka Sani

Kwanan baya na zauna kallon wani fim na masarauta, irin wanda ake sa wa jarumi rawani da warki a ce da can ne. An zo wajen farauta, sai ga maharbi ya zaro kibiya daga kwari, doguwa sambal, da gashin tsuntsu reras a gindin ta. Ban san lokacin da na yi dariya ba. Ba zan faɗi sunan fim ɗin ba, domin ba shi kaɗai ke da wannan laifi ba. Kibiyar nan ta Robin Hood ce, ta ƙasar Ingila. Kibiyar Bahaushe gajera ce, ba ta wuce ƙafa biyu da 'yan kai ba, kuma ba ta da gashi ko ɗaya.

To, mai karatu zai ce, in babu gashi me ke hana ta wulwulawa a iska? Amsar ta na kan ta. Duk wanda ya tashi a ƙauye irin namu na Gwiwa ya san wannan tun ya na yaro. Ka yanko kyauro ka harba shi haka nan tsura, zai yi 'yar tafiya ya juya ya faɗi a kaikaice. Ka cusa masa ƙusa a gaba ka ɗaure da zare, sai ka ga ya miƙe tsaye kamar an ja shi da igiya. Nauyin da ke gaba shi ke jan sandar, bayan kuma ya bi. Aikin da gashin tsuntsu ke yi wa Bature, ƙarfe ne ke yi wa maharbin mu.

Ƙasar Kazaure kuwa, wadda Gwiwa da Roni da 'Yankwashi ke cikin ta, ta na da hujjar yin magana a kan wannan. Labarin baka (na fatar baki nake nufi, ba na harbi ba) ya ce wani maharbi mai suna Kutumbi ne ya fara zama a wurin tare da jama'ar sa, kuma wai daga wajen maƙeran Dutsen Dala su ka taso. Ya ga wani fili tsakanin duwatsu ya ce wurin kamar zaure, sunan ya bi garin. Ko labarin ya inganta ko an yi masa ƙari, dubi sana'o'i biyun da ya haɗa: maharbi da maƙeri. Ɗaya ba ya cin abinci sai da ɗaya.

Maƙerin ne ke fitar da ƙarfe daga tama, ya zuga, ya ɗora a uwar maƙera ya buga da masaba har ya fitar da tsini da kunnuwa, wato ƙayoyin nan masu kallon baya waɗanda ke hana kibiya fita in ta shiga. Sannan ya ja wa ƙarfen dogon wuya siriri, ya bar jela wadda za a cusa cikin kyauro a naɗe da jijiya. Wannan dogon wuya shi ne sirrin. Da farko ya na ƙara nauyi a gaba. Na biyu, a jikin sa ake shafa dafi, sau da yawa ma sai an murɗa shi ko an yi masa zane don dafin ya kama. Maharbi ba ya zuwa maƙera ya ce kawai a ba shi kibiya. Ta zomo da zabo daban, ta barewa da gada daban, ta gwanki ko mugun dawa mai kaurin fata daban. In kan ya yi wa bakan nauyi, kibiya ta dunguri ƙasa kafin ta isa. In ya yi sakayau, iska ta kwashe ta, ko ta taɓa fata ta dawo.

Abin mamaki, wannan gardama ta nauyin kan kibiya har yanzu ana yin ta a Amurka, inda farauta da baka ta zama wasan masu hali. Tun da mu 'yan kallo ne, bari mu shiga ta ƙofar fim. Howard Hill, wanda ya yi ainihin harbe-harben da ke cikin fim ɗin The Adventures of Robin Hood na 1938, ya zo Afrika a 1950 ya kashe giwa da baka, aka nuna a fim ɗin sa Tembo. Sai da ya yi amfani da baka mai ƙarfin ja fam 115, da kibiyar da ta haura giram 100 a nauyi. Daga baya wani likitan ido, Dokta Ed Ashby, ya ɗauki abin da gaske. A shekarun 1980 ya fara gwaji a yankin Natal na Afrika ta Kudu, ya ci gaba a kan ɓaunar Ostareliya, ya na rubuta abin da kowace kibiya ta yi in ta haɗu da ƙashi. Abin da ya gano shi ne, kibiyar da za ta fasa babban ƙashi ta wuce sai nauyin ta gaba ɗaya ya kai kimanin giram 42, nauyin ya rinjaya gaba, kan ya zama dogo siriri mai baki biyu, kuma a wasa kowane baki ta gefe guda don ya riƙa juyawa ya na tsaga ƙashin. Kan kibiyar da yawancin maharban can ke saye bai wuce giram 6 zuwa 8 ba, masu bin Ashby kuwa su na sa na giram 13 har 19.

Me ya sa su ke wannan wahala? Saboda Ba'amurke da ƙarfe kaɗai ya ke kisa. Dole kibiyar ta ratsa haƙarƙari ta huda huhu ko zuciya, in ba haka ba dabba ta tafi da rauni ta mutu a banza cikin daji. Bahaushe kuwa ya bi wata hanya dabam. Shi bai nemi ƙarfe ya kai zuciya ba, ya nemi ya huda fata ya zauna, dafi ya ƙarasa tafiyar. A nan ne karin maganar nan ta harbi a wutsiya ya fi kuskure ta ke da ma'anar ta ta asali.

Uwar dafin ita ce kwankwani, wata shuka mai yaɗo wadda masana ke kira Strophanthus. 'Ya'yan ta ake dakawa a dafa har su yi kauri kamar kwalta, kowane gidan maharba da abin da ya ke ƙarawa wanda ba ya gaya wa kowa. Dafin ba jini ya ke tsinkawa ba kamar yadda ake faɗa, zuciya ya ke kamawa ya rikita bugun ta har ta tsaya. Turawa ma sun ci moriyar sa: John Kirk, likitan tafiyar Livingstone a kogin Zambezi, ya lura bugun zuciyar sa ya ragu bayan burushin haƙorin sa ya taɓa irin wannan dafi, kuma a 1885 Thomas Fraser na Edinbara ya gabatar da sinadarin a matsayin maganin ciwon zuciya. Shi ya sa maharbi ke bin sawu da gudu da wuƙa a hannu. Ya na so ya riski dabbar da rai ya yanka, domin malaman fiƙihu na Malikiyya ba su halatta naman da ba a san ko ƙarfe ne ya kashe shi ko dafi ba. In ya yanka, sai ya yanke naman da ke kewaye da raunin ya jefar.

Amma kada a ce Hausawa ba su san babban kai ba. Sun sani sarai, sai dai sun san iyakar bakan su. Da aka zo kan giwa, wadda fatar ta ta fi ƙarfin kyauro, sai su ka ƙera sango, wani ƙaton ƙarfe mai dafi a kan sanda, wanda ake cusawa a bakin bindiga a harba da albarushi. Wato dai abin da Howard Hill ya nema da ƙarfin damtse, maharbin giwa na ƙasar Hausa ya samu da dabara.

Kibiyar nan mara gashi ba a dawa kaɗai ta yi aiki ba. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni 1804, dawakin jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba su wuce ashirin ba, 'yan baka ne su ka karya barade da 'yan lifidin Sarkin Gobir Yunfa. Lifidi, wato rigar audugar da ake cusawa da kauri a sa wa doki da mahayi, an yi shi ne don ya shanye irin wannan kibiya mara nauyi, don haka ɗan baka ke neman inda lifidin bai rufe ba. Da irin waɗannan makamai Ɗantunku ya yi ta fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo daga 1819, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardamar ya bar Kazaure da cin gashin kan ta. Ko da Turawa su ka zo da bindiga mai ruwa, ba su daina tsoron ta ba. A Burmi, ran 27 ga Yuli 1903, ranar da Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi, kwamandan Ingilishi Manjo Marsh da kibiya mai dafi aka kashe shi. Wanda ke son ganin yadda fim ke girmama 'yan baka, ya nemi Sarraounia na Med Hondo, na 1986, wanda aka ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani kan turjiyar Sarauniya Mangu a Lugu a 1899. Shi ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987.

Yau dajin da Kutumbi ya yi farauta ya zama gonakin gero da gyaɗa, gwanki da ɓauna sai a labari, maƙeri kuma ya bar tama ya koma buga fartanya da lauje daga tsohon ƙarfen mota. Duk da haka sarautar Sarkin Baka ta na nan, kuma akwai tsofaffin maƙera a ƙasar Kazaure da hannun su bai manta yadda ake fitar da kunnen kibiya ba. Marubucin da ke son saka maharbi a littafin sa, ko daraktan da zai ɗauki fim na tarihi, kuɗin mota kawai zai kashe ya je ya zauna a bakin maƙera ya sa a buga masa dozin guda, ya ɗauki ɗaya a tafin hannu ya ji yadda ta ke rinjaya gaba. Dafin kam a bar shi inda ya ke. Baƙin tukunya da ɗan ƙaro sun ishi kyamara.