Littattafan Mulki na Ƙasar Hausa da Kalmomin da Suka Bar Mana

Duk wanda ya taɓa tsara littafin karatun manya a kan sha'anin gwamnati ya san inda aikin yake cijewa, watau wajen kalmomi. Ana son a faɗi haraji, ko wakilci, ko iyakar ikon shugaba, sai hannu ya kai ga faransanci tun ba a leƙa rumbun gida ba. Matsalar ta ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, sa'ad da kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Saboda haka ya dace a waiwayi littattafan da malaman wannan yanki suka rubuta a kan mulki. Da larabci aka rubuta su, amma ƙasar Hausa suke kallo, kuma akwai wanda ya ajiye mana kalmomin Hausa a cikinsa.

Na farkonsu aikin baƙo ne. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, mutumin Tilimsan, ya ƙetaro hamada a ƙarshen ƙarni na 15, ya bi ta ƙasar Abzin da Tagidda, kana ya isa Kano a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499). Saboda Rumfa ya rubuta ɗan littafin da aka sani da Tajuddini, mai babi 8, wanda ya tattara abin da ya wajaba a kan sarki: kyakkyawar niyya, tsara ma'aikata, tsaro a gida da a tafiya, binciken al'amura, adalci a shari'a, da hanyoyin tara dukiya da kashe ta. Abin da ya fi maimaitawa shi ne haɗarin sarkin da ya shige gida talakawa ba su ganinsa. Daga baya ya tafi Gao, inda ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu, wanda ya karɓi mulkin Songhai a 1493. A cikin amsoshin nan ne ya yi maganar sarkin da yake da'awar Musulunci alhali yana haɗa shi da al'adun da suka saɓa masa, da hukuncin yaƙarsa. Almagili ya rasu a Tuwat wajen 1504, amma bayan shekara 300 maganarsa ta sake tashi a Gobir.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an haife shi a 1754 a Maratta, cikin jihar Tawa ta yau, ya kuma je Agadas neman ilimi wurin Malam Jibrilla ɗan Umaru. Ya ɗauko amsoshin Almagili ya kafa hujja da su a cikin Sirajul Ikhwani. A 1804 ya yi hijira zuwa Gudu, a 1806 ya gama Bayanu Wujubil Hijra, a 1808 Alkalawa ta faɗi. Amma littafinsa da ya fi amfani ga masanin harshe shi ne Kitabul Farƙi, wanda Mervyn Hiskett ya buga tare da fassarar ingilishi a 1960.

Littafin kashi biyu ne: mulkin da Shehu ya ƙi, da mulkin da yake so. A kashi na farko, da yake yana son mai karatu ya gane ainihin abin da yake zargi, sai ya riƙa kiran kowace al'ada da sunan da mutane suke kiranta. Nan muke samun jangali, da kuɗin gari, da kuɗin salla, da gaisuwa da ake kai wa masu sarauta, da tawasa, watau naman da ake karɓa wurin mahauta a kasuwa, da kamuwa, watau kama dabbobin mutane domin ɗaukar kayan sarki, da gargaɗi, watau tilasta wa mutane fita yaƙi. Ya ambaci kuma sunayen sarauta irin su galadima da ubandawaki. Wannan jerin kalmomi ya haura shekara 200 a rubuce, kuma yana koyar da abubuwa biyu. Na ɗaya, kalmar kuɗi ta zo da harafin ra a tsakiya, watau kurɗi. Na biyu, ma'anoni sun motsa. Gargaɗi a yau jan kunne ne, ba mai jin ƙarar tambari a cikinsa. Gaisuwa kuwa ta riƙe fuskokinta biyu, shi ya sa mai tsara littafin manya da yake son bambanta kyauta da cin hanci zai yi wuya ya sami misalin da ya fi ta.

Kashi na biyu ya kafa mulki a kan abubuwa 5: kada a ba wanda ya nema, a yi shawara, a bar tsanani, a yi adalci, a kyautata. Ya kuma tsayar da mataimaka 4: waziri, alƙali, shugaban ƴan doka, da mai karɓar haraji. Sai dai kada a ɗauki kashi na farko tamkar hoton gaskiyar mulkin sarakunan Haɓe ba ragi ba ƙari. Ƙara ce aka shigar, kuma mai ƙara ne ya rubuta ta. Abin lura shi ne da yawa daga abin da aka zarga ya rayu a ƙarƙashin sabbin sarakuna: galadima bai ɓace ba, jangali ma ya wuce zamanin jihadi har turawan Ingila suka zo suka ci gaba da karɓarsa.

Wanda ya fara ganin wannan koma-baya shi ne ƙanen Shehu, Abdullahi. Ransa ya ɓaci da yadda wasu ƴan jihadi suka karkata ga dukiya da sarauta, sai ya bar rundunar da nufin zuwa Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami wajen 1807, ya sako nasihar Almagili ga Rumfa a ciki. Ke nan littafin da aka yi wa sarkin Kano na dā ya dawo Kano a hannun waɗanda suka tumɓuke gidan sarautarsa. Muhammadu Bello kuwa ya rubuta Usulus Siyasa, mai ginshiƙai 7, domin Umaru Dallaji na Katsina. A ciki ya ɗora wa shugaba kula da manoma da maƙera da marina da ƴan kasuwa, da gyaran hanyoyi da kasuwanni. A ganinmu shi ne mafi kusa da abin da ma'aikacin raya karkara zai iya karantawa ya gane aikinsa a ciki.

Kalmar siyasa kanta tana bukatar kulawa. A wurin Bello ma'anarta iya riƙon jama'a, kuma tsofaffi suna cewa a bi mutum da siyasa, watau da lallashi. Ma'anar jam'iyya da ƙuri'a ta shigo ne da jam'iyyu, waɗanda ta farkonsu a Nijar aka kafa ta a 1946. Mai fassara da ya manta wannan zai sa Bello ya faɗi abin da bai faɗa ba.

Akwai kuma gefen da ya shafi Maraɗi da Tibiri kai tsaye. Umaru Dallaji da aka yi wa Usulus Siyasa shi ne ya zauna a birnin da aka kori gidan sarautar Katsina daga cikinsa, gidan da Ɗan Kasawa ya sake kafawa a Maraɗi. Gobirawa su ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tibiri. Tunanin waɗannan gidaje a kan mulki yana cikin tsarin sarautarsu ne. A Maraɗi manya 4, watau Ƙaura, Galadima, Ƴandaka da Durɓi, su ke zaɓen sarki, kuma ana kiransu rukuni. A Gobir akwai Tara. Ga Iya a Maraɗi da Inna a Gobir, mata masu sarautar da take da iko a kan mata da bori. M. G. Smith ya bayyana tsarin Maraɗi na zamanin Ɗan Baskore (1854-1875) a wani nazari na 1967. In aka karanta littattafan Sakkwato kaɗai, an ji bakin mai nasara ne. In aka haɗa su da abin da maroƙa da masu sarauta suka riƙe, sai a sami kalmomin zaɓe da shawara da tuɓe sarki daga ɓangarori biyu.

Kayan aikin ba su da nisa. Sashen rubuce-rubucen larabci da ajami na cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam da ke Yamai, wanda ya tashi daga tarin da Bubu Hama ya fara, yana riƙe da dubban takardu. Abin da masu tsara littattafan yaƙi da jahilci suke bukata shi ne jerin kalmomin mulki da za a ciro daga Kitabul Farƙi da ƴan'uwansa, a nuna ma'anar kowace kalma a wancan zamani, a gwada ta da yadda ake faɗarta yau a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Dogon Dutsi, kafin a yanke wadda za ta shiga littafi.