Kulorokwin da koɗewar launin gashi da fata

A unguwar Briqueterie ta Yawunde, cibiyar Hausawan babban birnin Kamaru, manya da yawa sun fi sanin kulorokwin da sunan Nivaquine. Kamaru ta daina amfani da shi a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro a 2002 saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, kuma a 2004 ta koma ga haɗin atesunet da amodiyakin. Sai dai maganin bai ɓace ba. Likitoci na rubuta shi, ko ɗan'uwansa haidiroksikulorokwin mai suna Plaquenil, ga masu cutar lufus da amosanin gaɓɓai. Lokacin korona a 2020 mutane sun yi ta rububin sayensa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a watan Afrilu kan jabunsa da aka gano a Kamaru da Nijar da Kwango.

Ɗaya daga cikin illolinsa da ba a cika magana a kai ba shi ne canjin launi. Kulorokwin yana manne wa melanin, sinadarin da ke ba fata da gashi da ido launinsu, kuma yana daɗewa a jiki. Wanda ya sha shi kullum na tsawon watanni yana iya ganin gashin kai, gira ko gashin ido ya yi fari daga tushe, kamar furfurar da ta zo kafin lokacinta. An fi ganin haka a masu jan gashi ko ruwan zinariya. Fararen tabo a fata ma an samu, har a baƙar fata, amma da wuya. Abin da ya fi faruwa akasin haka ne: duhu mai shuɗi-shuɗi a ƙwauri, a ganda ko ƙarƙashin farce.

Gashi yakan dawo da launinsa bayan an daina maganin. Ido ne ba ya dawowa. Maganin yana taruwa a tantanin bayan ido, kuma ɓarnar da ya yi a can ba ta warkewa, tana ma iya ci gaba bayan an daina sha. Saboda haka duk mai shan sa na dogon lokaci ana so a auna idonsa tun farko, sannan kowace shekara idan ya kai shekara 5 yana sha. Wanda ya ga gashinsa ya canza, likitan da ya rubuta maganin zai koma wa. Mai lufus da ya yanke shi da kansa ciwon na iya tasowa.

Wannan illa ta shan watanni ce. Ba dalili ba ce ta ƙin maganin zazzaɓi na kwana 3, ko rigakafin damina da ake ba ƙananan yara a arewacin Kamaru da Nijar da Najeriya.

Ba kowane farin tabo ne daga magani ba. Kyasbi na kawo shi, haka man bilicin mai haidirokinon, wanda sunansa kawai ya yi kama da haidiroksikulorokwin a rubuce, kuma Kamaru ta haramta shi a kayan shafa a 2022. Tabon da ba ya jin taɓi kuwa a kai shi asibiti a duba kuturta.