Yaƙutu a Bakin Duniya: Tarihin Sunayen da Aka Samo daga Jan Dutse

1.0 Gabatarwa

A darasin sunayen Hausawa mun saba koya wa ɗalibai cewa kowane suna yana da ma'ana, sai mu jera masu sunan yanka da na rana da na laƙabi, mu faɗi abin da kowanne yake nufi. Wannan hanya tana da amfani, amma takan bar wata tambaya a baya: wa ya raɗa sunan, kuma wa aka raɗa wa? A wannan maƙala za mu bi sawun sunayen da al'ummomi suka samo daga yaƙutu, jan dutsen nan mai daraja, domin mu nuna cewa dutse ɗaya ya zama sunan bawa a wani zamani, laƙabin sarki a wata ƙasa, sannan sunan 'ya mace a wata nahiya.

2.0 Dutsen da Kalmarsa

Yaƙutu ma'adini ne mai tsananin tauri. A ma'aunin Mohs yana mataki na 9, daimon kaɗai ya fi shi a cikin duwatsun ado. Jan launinsa ya samo asali daga ɗan ƙanƙanin sinadarin kuromiyam da ke cikinsa, kuma kwarin Mogok na ƙasar Miyanma ya daɗe da yin suna wajen fitar da mafi kyawunsa.

Hausa ta aro kalmar daga Larabci, wato yaƙut. Masana tushen kalmomi suna danganta ta Larabcin da wata kalmar Girkanci, huwakintos, wadda ta ratsa harsunan Gabas ta Tsakiya. A wurin masanan Larabawa na da, yaƙutu ya ƙunshi ja da rawaya da shuɗi, amma ja shi ne mafi daraja, kamar yadda Albiruni ya yi bayani a littafinsa kan duwatsu masu daraja a ƙarni na 11. Kalmar ta zo a Alƙur'ani, a aya ta 58 ta Suratur Rahman, tare da murjani.

3.0 Yaƙutu Sunan Bawa

A daulolin Musulunci na tsakiyar zamani, iyayengiji sukan raɗa wa bayinsu sunayen kayan alatu: Jauhar, Lu'ulu'u, Kafur, Ambar da Yaƙutu. Sunan yana yabon bawa, amma yabo ne irin wanda mai dukiya yake yi wa dukiyarsa, yana kuma shafe sunan da iyayen yaron suka ba shi. Mutum uku sun isa misali.

Na farko shi ne Yaƙutu Alhamawi, wanda aka haifa wajen 1179 a ƙasar Rumawa. An kama shi yana yaro, aka sayar da shi a Bagadaza ga wani ɗan kasuwa mai suna Askar Alhamawi, wanda ya sa shi a makaranta don ya riƙe masa lissafin fatauci. Bayan ya sami 'yanci ya rayu da kwafar littattafai, ya zauna a ɗakunan karatu na birnin Marwa har zuwan Mangol ya tilasta masa gudu. Shi ya wallafa Mu'ujamul Buldan, ƙamusun garuruwa da ƙasashe wanda har yau masu bincike suke komawa gare shi. Ya rasu a Halab a 1229. Ibn Khallikan ya ruwaito cewa da ya shahara sai ya riƙa kiran kansa Yaƙubu. Wannan ɗan sauyi yana da faɗi: mutumin ya so ya musanya sunan dutse da sunan annabi, amma tarihi bai karɓi musanyar ba.

Na biyu shi ne Yaƙutu Almusta'asimi, bawan halifan Abbasiyawa na ƙarshe a Bagadaza, wato Almusta'asim, wanda Mangol suka kashe a 1258. Bawan ya rayu bayan ubangidansa har wajen 1298, ya zama limamin masu kyan rubutu. Ana jingina masa daidaita salon rubutun Larabci guda shida da fiƙe bakin alƙalami a karkace.

Na uku shi ne Jamaluddin Yaƙutu, Bahabashe, wanda ya zama shugaban bargar dawakin Sarauniya Raziya, mai mulkin Delhi daga 1236 zuwa 1240. Fifikon da ta ba shi ya harzuƙa hakiman Turkawa, suka yi tawaye, aka kashe shi a 1240.

4.0 Laƙabin Sarki da Sunan 'Ya

A Indiya sunan ya bi wata hanya dabam. A harshen Sanskirit ana kiran dutsen manikya, ana kuma yi masa kirari da sarkin duwatsu. Sarakunan Tiripura, a arewa maso gabashin Indiya, sun ɗauki Manikya a matsayin laƙabin sarauta na tsawon ƙarnoni, har masarautar ta shiga Tarayyar Indiya a 1949. A yankin Bengal kuwa, Manik sunan shagwaɓa ne ga ɗa namiji. Da shi marubucin nan Manik Bandopadhyay (1908–1956) ya shahara, alhali sunansa na yanka Prabodh Kumar.

A Turai tushen kalmar Latin ne, ruber, ma'ana ja. Daga nan aka sami Ruby a Ingilishi da Rubin a Jamusanci. Ruby ya bazu a matsayin sunan mata a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da Ingilishi suka shiga yayin raɗa wa 'ya'ya mata sunayen duwatsu da furanni. Ya yi tashe a Amurka a farkon ƙarni na 20, ya ja baya, sannan ya dawo har ya shiga sahun gaba a sunayen jarirai mata a Ingila da Wales a 2007. A nan iyaye ne suke raɗawa don nuna ƙauna. Ruby Bridges, yarinya baƙar fata 'yar shekara 6, ita ce ta shiga makarantar firamare ta fararen fata zalla a New Orleans ranar 14 ga Nuwamba, 1960, jami'an gwamnatin tarayya suna yi mata rakiya.

5.0 Ina Hausa Ta Tsaya?

Hausawa sun karɓi kalmar yaƙutu amma ba su mai da ita sanannen suna ba. Abokin tafiyarta a ayar da muka ambata shi ya sami shiga: murjani, jan abin adon da ake samu daga teku, wanda matan Hausawa suka daɗe suna ratayawa a wuya. Daga gare shi muka sami Murjanatu, wadda ake taƙaitawa Murja. Abin da ido ya saba gani a jikin amare shi ya zama suna.

Al'adar sauya wa bawa suna kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, sai dai a nan sunan yakan zama addu'a ko godiyar ubangida, kamar Allah Bar Sarki, Ɗan Rimin Kano a farkon zamanin Turawa.

Ya kamata malami ya yi wa ɗalibai kashedi kan kamannin sauti. Yakubu ba shi da alaƙa da yaƙutu, asalinsa Ibrananci ne. Haka ma Reuben, wanda Kiristocin Nijeriya suke raɗawa, sunan babban ɗan Annabi Yaƙubu ne, bai haɗa tushe da Ruby ba.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa fassarar kalma rabin ma'anar suna ce. Sauran rabin yana cikin dangantakar mai raɗawa da wanda aka raɗa wa. Don haka muna ba da shawarar a faɗaɗa darasin sunaye a manhajar Hausa ta manyan makarantun sakandare, a umarci kowane ɗalibi ya binciko abu uku game da suna ɗaya a gidansu: harshen da ya fito, wanda ya zaɓe shi, da dalilin zaɓen. Ɗalibar da ake kira Murja, alal misali, za ta gano cewa sunanta ya ratso teku da kasuwa da makarantar allo kafin ya iso zanen sunanta.