Keke da Tsohuwar Hanyar Zariya

Tun da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, garin ya dogara ne da ƙauyukan kewaye wajen abinci. Jirgin ƙasa ne ya sha yabo a littattafan tarihi, amma ni a ganina keke ne ya sha wahalar da ba a rubuta ba. Jirgi sai tasha, keke kuwa har bakin gona.

Duk wanda ya tashi a Rafin Guza ko Kawo ya san hanyar: Rigachikun, Birnin Yero, Jaji, har Zariya, kimanin kilomita 80. Hanya ce mai hawa da gangara. A hawa mutum ya sauka ya tura, buhun masara ɗaure a kariya. A gangara kuwa ya saki feda, iska na dukan fuska, gonakin dawa na wucewa hagu da dama. Raleigh, ƙirar Nottingham ta Ingila, shi ne sarkin kekuna. Mahaifina kan ce sai da ya yi adashe kafin ya mallaki nasa, kuma kullum da asuba sai ya goge shi.

Kuɗin Udoji na 1974 ne suka soma rage wa keke daraja, ma'aikata suka koma babur. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a nan Kaduna. Daga nan aka ɗauki keke abin hawan talaka, har da ministan sufuri Ojo Maduekwe ya hau shi zuwa ofis a Abuja a 2001, dariya mutane da yawa suka yi masa.